Mene ne "sabe" da samari ke yi a waya ana ba su maki?

Wani dare a teburin mai shayi a Agege, cikin Legas, na ga ɗan yayata ya duƙufa kan waya, shayinsa har ya huce bai kurɓa ba. Na ce, "Kai, wasa kake ko hira?" Ya ce, "Kawu, aiki nake, sabe nake yi." Da na leƙa sai na ga ana tambayarsa wane irin sabulun wanki aka saya a gidansu a watan nan, ga zaɓi biyar, ya taɓa ɗaya, wata tambayar ta fito. A can sama kuma ga wata 'yar lamba tana nuna makin da ya tara.

Kalmar daga Turanci take. Survey ake rubuta ta, bakinmu ya lanƙwasa ta ta koma sabe, kamar dai yadda muka samu sabis. 'Yar'uwar safiyo ce, wanda ke auna fili kafin a yanka fuloti, sai dai wannan ra'ayin mutane yake aunawa. A gidajen rediyo za ka ji ana cewa binciken jin ra'ayin jama'a. Amma idan saurayi a Idi-Araba ko Alaba Rago ya ce yana sabe, abu ɗaya yake nufi: ya sauke wata manhaja, tana turo masa tambayoyi, yana amsawa, ana rubuta masa maki da zai canja da katin waya, ko data, ko 'yan kuɗi.

To wa ke biya, kuma me yake saya?

Duk wanda ya san kasuwar Mile 12 ya ga yadda ake cinikin kwandon tumatir. Mai saye ba ya zazzage kwandon gaba ɗaya. Zai duba na sama, ya cusa hannu ya zaro na tsakiya, ya leƙa na gindi, daga nan ya yanke farashi. Haka kamfanoni suke yi da mu. Mai taliya, mai sabulu, banki, kamfanin waya, kowa yana son sanin abin da ke ran masu saye kafin ya zuba kuɗi a sabon kaya ko sabuwar talla. Ba zai iya tambayar kowa a Legas ba, sai ya ba kamfanin bincike kwangila, irin su Ipsos na Faransa, ko Kantar da YouGov na Ingila, su zaro masa mutane daga sama da tsakiya da ƙasan kwando. Manhajar da ke wayarka ita ce hannun da ake cusawa. Kai kuma, kada ranka ya ɓaci, kai ne tumatirin.

Wannan shi ne abin da yawancin masu yi ba su gane ba. Suna ɗauka ladan aiki ake ba su, kamar wanda ya sauke buhu aka biya shi. A'a. Bayaninka ake saya: shekarunka, unguwarka, abin da kake samu a wata, abin da kake ci, bankin da kake ajiya. Shi ya sa tun ranar rajista ake tsare ka da doguwar tambaya a kan kanka, ba tare da an ba ka komai ba ko kuma a ba ka ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Daga nan ne kuma za a fahimci abin da ya fi ƙona wa masu sabe rai. Mutum ya yi minti biyar yana amsawa, sai allo ya ce masa bai dace da wannan binciken ba, a sallame shi hannu rabbana. Wasu na cewa cuta ce da gangan. Wani lokacin akwai rashin adalci, ban musa ba, amma asalin abin daga tsarin aikin yake. Mai kwangila ya ce a kawo masa, misali, mata masu goyo ɗari da maza masu mota ɗari. Idan kai saurayi ne mai tura baro, ba ka cikin lissafi. Ko da kana ciki, in gurbin irinka ya cika kafin ka iso, an rufe ƙofa. Masu wannan sana'a sun koyi darasin tun 1936 a Amurka, lokacin da mujallar Literary Digest ta tara amsoshi sama da miliyan 2 ta ce Alf Landon ne zai ci zaɓen shugaban ƙasa, shi kuwa George Gallup, wani mai binciken ra'ayi da ya tambayi mutane kimanin 50,000, ya ce Franklin Roosevelt ne, kuma Roosevelt ɗin ya ci da gagarumin rinjaye. Tun daga lokacin aka daina ɗokin yawan masu amsa, aka koma duba su waye.

Batun ƙarancin ladan kuwa, dalilinsa biyu. Na farko dillalai sun yi yawa a hanya. Kamfani ya biya mai bincike, mai bincike ya biya masu tara mutane, su kuma su biya mai manhaja, kowa ya cire la'adarsa, abin da ya rage shi ne naka. Na biyu, darajar ra'ayin mutum a wannan kasuwa tana bin nauyin aljihunsa ne. Kamfanonin da ke kashe kuɗi sosai a bincike sun fi neman masu saye a Amurka da Turai, don haka tambayoyin da ke isowa lambar Najeriya ba su da yawa, kuma farashinsu ƙasa yake. Bidiyon da ka gani na wani yana nuna daloli da ya tara, ka fara tambaya a wace ƙasa yake zaune.

Sai maki. Ba a banza ake ƙin rubuta naira ko dala kai tsaye ba. Maki dubu biyar yana da daɗin gani a ido, sai ka je canjawa ka tarar ko kuɗin danfo daga Agege zuwa Oshodi bai kai ba. Kusan kowace manhaja kuma tana da ƙa'idar cewa sai ka kai wani adadi kafin ka cire. Mutane da yawa kan gaji su watsar kafin su kai, abin da suka tara ya zauna wa mai manhaja. Ɗan yayan nawa ma ya taɓa yin makonni yana tarawa a wata manhaja, saura kaɗan ya kai, sai tambayoyin suka ɗauke ɗif kamar ruwan sama a watan Disamba. Ko ka kai ɗin, akwai tambayar ta ina kuɗin zai fito. Manhajojin waje da dama ta PayPal, kamfanin tura kuɗi ta intanet, suke biya, alhali bayan da PayPal ya shigo Najeriya a 2014 an shafe shekaru asusun mutum a nan yana iya biya amma ba ya iya karɓa. Wasu kuma katin sayayya na shagunan Amurka suke bayarwa, sai ka nemi mai saye ya karya maka farashi. A ganina masu biya da katin waya, irin yadda GeoPoll ke yi a binciken da yake turawa ta saƙon tes a ƙasashen Afirka, sun fi dacewa da mu, don abin yana shigowa layinka ka gani da idonka.

A cire kuɗin data, wadda ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, a cire kuɗin caji a wurin mai janareta. Abin da ya saura na ɗan rage zafi ne. Ga mai gadi da ke kwana a bakin get a Ikoyi, ko yaron mota da ke jiran lodi a Apapa kwana da kwanaki, lokacin dama a zaune zai wuce, in ya samu katin kiran gida babu laifi. Wanda kuwa zai bar teburinsa na sayar da goro ko lemo don sabe, ya yi sakin na hannu.

Akwai masu dabara. Su kunna VPN wayar ta nuna kamar a Landan ko Amurka suke, su ce su likitoci ne masu motoci uku. Kamfanonin sun san da wannan. Suna dasa tambayoyin tarko, a tambaye ka shekarunka a farko a sake tambaya a ƙarshe ta wata siga, ko a ce ka zaɓi amsa ta uku don a ga ko kana karantawa. Suna kuma lura da mai saurin dannawa. In an kama ka a rufe asusun da duk makin da ke ciki. Ni dai ko ba a kama mutum ba, ban ga yadda kuɗin da aka karɓa a kan amsar ƙarya zai zama mai tsabta ba, tun da gaskiyar amsar ita ce hajar da aka saya.

Idan kuma ka ga aboki ya dame ka a WhatsApp da mahaɗin rajista, ba lallai sonka ne ya kai haka ba. Yawancin manhajojin suna ba wanda ya kawo sabon mutum wani kaso, kuma wasu daga nan suke samun abin da ya fi na amsa tambayoyin.

Inda ake kuka shi ne inda 'yan damfara suka ari sunan sabe. Za a turo saƙo da tambarin wani banki ko kamfanin waya, a ce ka amsa tambaya huɗu ka ci kyauta, ka tura wa mutum ashirin. Ko a Telegram a ba ka ɗan aiki a biya ka ɗan kuɗi ka saki jiki, sannan a ce ka zuba naka don a ɗaga ka zuwa matakin manya. Wanda ya ga yadda MMM ta tsaya a Disambar 2016, ko yadda CBEX ta rufta da kuɗin jama'a a Afrilun 2025, ya san salon. Mai binciken gaskiya shi ke neman abu a wurinka, don haka shi ke biya. Ba ya karɓar kuɗin rajista, ba ruwansa da lambar BVN ɗinka, ko lambar sirrin katin ATM, ko lambar nan da banki ke turo maka ta tes don tabbatar da ciniki.

Ko a manhajar gaskiya, ka duba izinin da take nema. Sanin garin da kake yana da hujja. Shiga jerin lambobin mutanenka da saƙonninka ba shi da alaƙa da sabulun wanki. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ba ɗan Najeriya damar janye amincewarsa da neman a goge bayanansa, kuma hukumar kare bayanai ta NDPC ce ke karɓar ƙorafi. Na sa ɗan yayan nawa ya buɗe saitin wayarsa a nan teburin mai shayi, muka tarar manhajoji uku na sabe yake da su, biyu daga ciki suna da izinin karanta lambobin wayarsa, har da tawa.