Baƙon da ambaliya ko girgizar ƙasa ta koro: me bangaskiyar Kirista ta ce a yi masa?

Wai dole ne Kirista ya karɓi wanda bala'i ya raba da gidansa, ko dai ganin dama ne?

Gaskiya ba ganin dama ba ne. A Matiyu sura 25 inda Yesu ke maganar ranar shari'a, cikin abubuwan da ya lissafa har da cewa ya zo a baƙo an karɓe shi, da suka tambaya yaushe muka gan ka a baƙo sai ya ce abin da kuka yi wa mafi ƙanƙanta cikin 'yan'uwan nan nawa ni kuka yi wa. Kuma tun a Tsohon Alkawari maganar take, Littafin Firistoci 19:33-34 ya ce baƙon da ke zaune a ƙasarku ku ƙaunace shi kamar kanku don ku ma kun yi baƙunci a Masar. To me ya kai zuriyar Yakubu Masar tun farko? Yunwa ce fa, ta shekara 7. Na'omi ma yunwa ce ta fitar da ita da mijinta da 'ya'yanta biyu daga Baitalami zuwa Mowab. Kenan mutanen da muke karanta labarinsu kowace Lahadi da yawansu irin waɗannan ne da muke gani yau ɗauke da katifa a ka, yara na bin su a baya.

Amma ba hukuncin Allah ba ne ya sauko musu saboda zunubinsu?

Wannan tambayar ita ta fi ci min rai, don ana faɗinta har a gaban mutumin da bai gama neman gawar ɗansa ba. Yesu ya riga ya amsa ta a Luka 13, da ya kawo zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo musu ta kashe su, ya ce kuna tsammani sun fi sauran mazauna Urushalima laifi ne? Ya ce a'a, sai ma ya juya maganar kan masu sauraro cewa su tuba. Abokan Ayuba ma lokacin da suka zauna da shi a ƙasa kwana 7 ba wanda ya ce uffan, nan ne suka yi daidai, buɗe bakin da suka yi suna nema masa laifi shi ya jawo musu tsawatawar Allah a ƙarshen littafin.

Ruwa idan ya taso gidan da ke kwari yake fara ci, girgizar ƙasa kuma ginin da ba a sa masa ƙarfe yadda ya kamata ba take fara rusawa, galibi talaka ne a ciki don nan ne kuɗinsa ya kai. Babu wanda aka ba wa izinin ya tsaya a kan kangon gidan wani yana fassara nufin Allah.

In wanda ya zo ba Kirista ba ne fa?

A buɗe masa ƙofa mana. Galatiyawa 6:10 cewa ta yi mu yi wa kowa alheri, musamman iyalin masu bi, wannan “musamman” ɗin ba ta soke “kowa” ba. Ni labarin da ke taɓa ni shi ne na Ayyukan Manzanni 28, jirgin ruwan da Bulus ke ciki ya farfashe da mutum 276, suka fito gaɓar tsibirin Malita a jiƙe ga ruwan sama ga sanyi, sai mutanen tsibirin waɗanda ba su taɓa jin bishara ba suka hura wuta suka karɓe su duka, har da fursunoni da sojojin da ke tsaronsu, ba su tambayi kowa me yake bautawa ba. Wata uku suka yi a wurin. A ranar nan manzon Almasihu ne ke rawar sanyi yana shan wutar wasu. Wanda ya karanta wannan da wane ido zai tsaya tantance addini a bakin ƙofar coci?

Laifi ne a yi musu wa'azi tunda ga su a hannu?

“Ga su a hannu” ɗin nan shi ne matsalar. Mutumin da yunwa ke cinsa zai ce amin ga duk abin da ka faɗa in dai tukunya na bayanka, wannan kuwa ba tuba ba ce. In ya tambaye ka me ya sa kake masa haka ka faɗa masa gaskiya, in ya ce a yi masa addu'a a yi masa, amma kar a ce sai an zauna sujada kafin a raba bargo. Ƙa'idojin aikin agaji da ƙungiyar Red Cross da manyan ƙungiyoyin agaji suka fitar a 1994, waɗanda ƙungiyoyin Kirista irin su Caritas na cikin masu goyon bayansu, sun faɗa ƙarara cewa ba a amfani da taimako don tallata addini ko siyasa.

Kuma kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ba. Bayan girgizar ƙasar Haiti a Janairun 2010 an kama Amurkawa 10 'yan mishan suna ƙoƙarin tsallaka iyaka da yara 33 ba tare da takardu ba, daga baya aka gano da yawan yaran iyayensu na nan da rai. Yaron da ya ɓace wa iyayensa a rubuta sunansa, a sanar da hukuma da masu aikin haɗa iyalai, ba a ɗauke shi a yi nisa da shi ba.

Ni kaina da ƙyar nake ci da iyalina, me zan iya?

Lokacin da Agabas ya yi annabcin yunwa a zamanin Kaisar Kalaudiyas, masu bi na Antakiya sun aika gudummawa Yahudiya kowa gwargwadon ƙarfinsa, haka Ayyukan Manzanni 11 ya faɗa. Garin nan dai shi ne Antakya na Turkiyya da girgizar ƙasar 6 ga Fabrairu 2023 ta rusa, kenan mai bayarwa yau yana iya zama mai karɓa gobe. In ba ka da ɗaki kana da soket da mutum zai yi cajin waya ya kira danginsa, kana iya raka tsohuwa asibiti ta karɓo maganin hawan jininta da ruwa ya tafi da shi, ko ka zauna da wani ku cike fom ɗin sabunta takardunsa.

Har yaushe za a riƙe su?

Nan ne aikin yake. An saba cewa baƙo raɓa ne, to wannan baƙon ba ya bushewa da fitowar rana, don ba shi da inda zai koma. Makon farko kowa na kawo kaya ana ɗaukar hoto, a wata na uku kuwa an fara ƙorafin banɗaki da hayaniyar yara a harabar coci, alhali a lokacin ne mutumin ya fi buƙata saboda masu agaji sun tattara sun tafi. Ga shi yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ba ta ambaci bala'o'in nan cikin dalilan samun mafaka ba, yawancinsu ma ba sa tsallaka iyakar ƙasarsu, don haka nauyin kan maƙwabta yake faɗowa.

Shi ya sa bai kamata a bar wa gida ɗaya ko fasto shi kaɗai ba. Ikkilisiyar farko da aka yi gunagunin ana tsallake wasu gwauraye a rabon abinci, mutum 7 ta zaɓa ta damƙa musu aikin. Basil na Kaisariya, wani shugaban ikkilisiya na zamanin dā, a yunwar wajen shekara ta 369 ya sayar da gadonsa ya ciyar da jama'a, bai tsaya nan ba ya gina wurin saukar baƙi da jinyar marasa lafiya a bakin gari. A rubuta sunaye, a ware wurin kwanan mata da yara da ƙofa mai sakata, a yi magana a fili tun farko kan tsawon zama, a sa yara makaranta. Sannan a ba su aikin yi, Bo'aza bai ce Rut surukar Na'omi ta zauna a kai mata ba, barin ta ya yi ta yi kala a gonarsa, ya ce wa ma'aikatansa su riƙa zare mata zangarniya daga dami kuma kar wanda ya tsawata mata. In cikinsu akwai malamar makaranta ko magini, a tambaye su me suka iya tun ranar da aka rubuta sunansu.