Auna ingancin shafukan intanet na gwamnati

Auna ingancin shafukan intanet na gwamnati bincike ne da ake yi don gano ko ɗan ƙasa zai iya biyan buƙatarsa a shafin wata ma'aikata, kamar neman fasfo ko biyan haraji, ba tare da ya taka ƙafa ofis ba. Ya fi na shafukan kasuwanci nauyi, domin in shafin wani kanti ya ƙi, mai saye sai ya koma wani, fasfo kuwa hukuma ɗaya ce ke bayarwa.

Gwajin da ya fi tona asiri shi ne a zaunar da mutane kaɗan, a ba kowa aiki guda, a zuba masa ido ba a ce uffan ba. Ana lura da inda ya tsaya cak, da inda ya cika fom har ƙarshe shafin ya goge komai. A 2000 Jakob Nielsen, masani kan sauƙin amfani da shafukan intanet, ya ƙiyasta cewa mutum 5 kan bankaɗo kusan kashi 85 cikin 100 na irin waɗannan matsaloli.

Masu buƙata ta musamman kuma da ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa musu amfani da shafuka ake auna haƙƙinsu, waɗanda W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fara fitarwa a 1999, ta sabunta a 2008, 2018 da 2023. Matakansu uku ne, A, AA da AAA, na tsakiyan ne gwamnatoci suka fi bi. Sun shardanta kowane hoto ya zo da bayani a rubuce, don manhajar da ke karanta wa makaho ta sami abin faɗa, kuma a iya cika fom da allon madannai kaɗai. Tarayyar Turai ta wajabta wa hukumomin ƙasashenta kula da wannan a 2016.

Majalisar Ɗinkin Duniya na jera ƙasashe 193 duk shekara biyu bisa ci gaban hidimomin gwamnatinsu ta intanet, Danmak ce ta zo kan gaba daga 2018 zuwa 2024. Sai dai kasancewar hidima a shafi ba ta nufin tana aiki. Ranar 1 ga Oktoba 2013 Amurka ta buɗe HealthCare.gov, shafin sayen inshorar lafiya, ya durƙushe saboda cunkoso da kurakurai, aka shafe makonni ana gyara.

A Najeriya shafukan hukumomi kan ƙare da .gov.ng, kuma hukumar gyaran ayyukan gwamnati, BPSR, kan ba na ma'aikatun tarayya maki. Da yake yawancin jama'a da waya suke shiga intanet, nauyin shafi da datar da yake ci na cikin abin da ya kamata a auna, haka ma harshe, tunda akasarinsu da Turanci zalla aka rubuta.