Tsofaffin kayan tallan giya a gwanjon eBay: abin da aka hana da wanda ba a hana ba

Akwai wata magana da ke yawo tsakanin masu sayen tsofaffin kaya a Amurka su sake sayarwa ta intanet, wai duk wanda ya sa abu mai ɗauke da sunan kamfanin giya a shafin gwanjo na eBay za a rufe masa asusu, har ma a kai shi kotu. Maganar ba haka take ba. Faranti, allon talla, mabuɗin kwalba, riga, kofi da gwangwanin da babu kome a cikinsa, duk eBay ta yarda a yi gwanjonsu. Sana'a ce tsohuwa a can. Tun 1935 aka fara zuba giya a gwangwani, kuma masu tara irin waɗannan kaya suna da ƙungiya da suka kafa a birnin St. Louis a 1970.

Inda gizo ke saƙa shi ne abin da ke cikin kwalbar. A da eBay tana barin a sayar da kwalbar da ba a buɗe ba, muddin mai ita ya rubuta cewa darajar tana ga kwalbar ne, ba ga ruwan ba. Kowa ya san giya ake sayarwa da wannan dabara. A 2012 gidan talabijin na ABC ya nuna yadda yaro ɗan shekara 13 ya yi odar barasa ta shafin aka kawo masa har gida, alhali doka ba ta yarda a sayar wa wanda bai kai 21 ba. Bayan haka kamfanin ya toshe ƙofar. Har yanzu wasu na kwafo waccan tsohuwar jimla suna maƙalawa a tallarsu suna ganin ta kare su. Ba ta kare kowa. Shi ya sa ƙwararru ke huda gwangwani ta ƙasa su tsiyaye ruwan, saman ya zauna lafiya kamar ba a taɓa ba.

Hukuncin ma kashi biyu ne, kuma mutane na cakuɗa su. Na eBay ƙa'idar kamfani ce: a cire tallar, a taƙaita asusun, ko a dakatar da shi. Na gidan waya kuwa dokar tarayya ce. Sashe na 1716 na kundin laifukan Amurka ya hana aika kowace irin barasa ta gidan waya, kuma wanda ya aika da saninsa zai iya fuskantar tara, ko ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba, ko duka biyun. Kamfanonin jigilar kaya na UPS da FedEx suna ɗauka, amma daga hannun mai lasisi kaɗai. Ko kwalin giya ka samu za ka sake amfani da shi wajen aika faranti, sai ka goge tambarin da ke jikinsa, in ba haka ba gidan waya na iya ƙin karɓa.

A ganina hanin ya yi daidai, don shafin ba ya ganin fuskar wanda ke buɗe ƙofa ya karɓi kaya. Abin da ban ga adalcinsa ba shi ne yadda aka bar wasu masu lasisi suna sayar da giyar inabi a shafin ɗaya. Batun halaccin wannan ciniki ga Musulmi kuma daban ne, na malamai ne, kuma izinin eBay bai amsa shi ba.

Abu guda da ke jefa mutane cikin matsala ba su sani ba shi ne durom ɗin ƙarfe na giya. Kuɗin da ake bayarwa lokacin ɗaukarsa ajiya ce, ba ciniki ba, don haka durom ɗin na kamfanin giyar ne. Haka wasu allunan talla masu fitila, aro ake bai wa mashaya. Kafin ka sa irinsu a gwanjo, nemi shaidar cewa wanda ya sayar maka yana da ikon sayarwa.