Mene ne gurɓatar kogi da magani, kuma me ya haɗa shi da fari?

In aka ce ruwan kogi ya gurɓata, mu a Kano abin da ke fara zuwa mana shi ne baƙin ruwan masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa da Bompai, wanda ido ke gani, hanci ke ji. Akwai kuma wata gurɓatar da ba ta da launi ko wari, wadda masana muhalli ke kira gurɓatar ruwa da magunguna.

Ma'anarta ita ce ragowar sinadarin magani, na mutum ko na dabba, ta shiga ruwan kogi ko tafki ko rijiya. Hanyar da ta fi yawa ba ta da wuyar ganewa. Ka sha ƙwaya, jiki ya ɗauki abin da zai ɗauka, sauran ya fita ta fitsari da bayan gida, wani lokaci ma bai sauya kama ba. Daga masai ya bi kwata, daga kwata ya shiga lambatu, lambatu kuma ya kai shi rafin Jakara. Ƙara da maganin da ya lalace aka watsar a bola, da ruwan da ke fita daga asibitoci, da kashin kajin gona da ake ɗura wa magani.

A 2022 masana ƙarƙashin jagorancin Jami'ar York ta Ingila sun fitar da binciken koguna 258 a ƙasashe 104. Abubuwan da suka fi cin karo da su sun haɗa da metformin na ciwon suga da carbamazepine na farfaɗiya, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wuraren da aka gwada sun haura mizanin da ake ganin ba ya cutarwa.

To ina ruwan fari a nan? Duk uwargidan da ta taɓa barin miya a wuta ta san amsar. Gishirin bai ƙaru ba, ruwan ne ya ƙone, sai miya ta yi zartsi. Haka kogi yake. Da damina ruwan sama na sirka abin da muke zubawa, ya tafi da shi. Da rani kuwa, balle shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, mutane ba su daina shan magani ba, sai dai kogin ya ƙafe, abin da ya rage yana gudana a Jakara da Getsi galibinsa ruwan gidaje ne da na masana'antu. Kuma a daidai wannan lokacin ne masu lambu ke kafa injin ban ruwa a bakin waɗannan rafuka, su shayar da latas da alayyahu da kabeji da za mu saya gobe a kasuwa. Ba laifinsu nake gani ba, wane ruwan aka ba su? Ragowar kuma ta tafi ta taru a madatsar Wasai, inda masunta ke kamun kifi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Idan ƙwayar cuta ta daɗe tana zaune cikin ruwa mai ɗan guntun magani da bai isa kashe ta ba, sai ta saba da shi, ta koyi bijire masa. Ranar da ta shiga jikin yaro, a ba shi maganin da a da yake aiki, ya ƙi ci. An ƙiyasta cewa wannan bijirewa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019.

Dabbobi ma ba su tsira ba. Sinadarin maganin tazarar haihuwa kan sa kifi namiji ya fara ɗaukar siffar mace, haihuwarsu ta ja baya. Matatun ruwan da aka saba da su kuma an gina su ne don cire laka da kashe ƙwayoyin cuta, yawancin waɗannan sinadarai sai da tacewa ta musamman, irin ta gawayin da aka sarrafa, kafin su fita.