Waiwaye: Yadda aka soma binciken ƙwayoyin cuta a jikin jemagu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a lambunan bakin kogin Kwara a Yamai da magariba ya ga yadda jemagu ke dira kan mangwaro, kuma da safe akan tarar da 'ya'yan da suka gatsa zube a ƙasa, yara na tsinta. Wannan mangwaron da jemage ya bar wa miyau yana cikin abubuwan da ke jan hankalin masu bincike.

Tun a 1956 aka gano wata ƙwayar bairos, 'yar'uwar ta haukan kare, a jikin jemage mai cin 'ya'yan itace a Legas, sai dai ba a ɗauki lamarin da zafi ba sai da cutar Nipah ta ɓulla a Malesiya a 1998, ta taso daga jemagu ta bi ta kan aladu ta kashe mutum fiye da 100. Cutar SARS ta biyo baya a 2002, kuma a 2005 aka samu danginta a jikin jemagun ƙasar Sin. Daga nan aikin ya kankama: akan kafa raga da dare, a ɗebi miyau da kashi da ɗan jini, a saki jemagen. Shirin PREDICT da Amurka ta fara a 2009 ya bi wannan hanya, har aka gano ƙwayar Bombali, 'yar gidan Ebola, a Saliyo a 2018.

A ganina, samun ƙwaya a jikin jemage bai isa ya nuna cewa za ta kama mutum ba, shi ya sa lura da marasa lafiya a asibitocin karkara ya cancanci kuɗi kamar yadda kamun jemagu ya cancanta. Mutanen jihar Tawa sun san haka tun 2016, lokacin da zazzaɓin Rift Valley, wanda sauro da dabbobin gida ke yaɗawa, ya kashe makiyaya a yankin Cintabaradan.

Kisan jemagu kuwa an riga an gwada shi. Bayan cutar Marburg, wata 'yar gidan Ebola da jemagu ke ɗauke da ita, ta kama masu haƙar ma'adinai a ramin Kitaka na Yuganda a 2007, an hallaka jemagun ramin, amma waɗanda suka dawo daga baya sun fi na farko ɗauke da ƙwayar, kuma a 2012 cutar ta sake ɓarkewa a Ibanda, kusa da wurin.