Mene ne nazarin tsingaro?

Tsingaro dai kowa ya san shi: ɓallin fasasshiyar tukunya ko tulu, irin wanda yara ke wasa da shi a bayan gida. Nazarin tsingaro kuwa reshe ne na ilimin tono kayan tarihi, inda ake bin waɗannan ɓaraguzai don a gano yadda mutanen ƙauye suka rayu a zamanin da babu rubutu. Itace yana ruɓewa, tufafi su zama ƙasa, amma yumɓun da ya sha wuta yakan yi dubban shekaru a binne.

Mu a Jos abin ba baƙo ba ne. Masu haƙar kuza ne suka fara tono mutum-mutumin yumɓu a ƙauyen Nok, kudancin Kaduna, a 1928, kuma Bernard Fagg, Baturen nan masanin kayan tarihi da ya bi diddiginsu, shi ya kafa gidan adana kayan tarihi na Jos a 1952. Baƙi sun fi tsayawa gaban kawunan Nok ɗin nan masu hudajjun idanu. A ganina tukunyar girki ta fi su labari.

Bangon tukunya yana tsotse maiƙon abin da aka dafa a ciki. A 2021 masana daga jami'o'in Bristol da Frankfurt suka bayyana cewa sun sami alamar kakin zuma a kusan kashi ɗaya cikin uku na tsingaron Nok da maiƙo ya saura a jikinsu. Ashe shekara 3,500 da suka wuce ana ɗiban zuma a yankin nan, ga gero da wake da aka samu a ƙone a wuraren tonon.

Batun fatauci kuma yumɓun ne ke tona asiri, don kowane rafi da irin yashinsa. In aka duba tsingaro da madubin ƙara girma aka ga yashin cikinsa ba na yankin ba ne, to daga nesa aka kawo tukunyar. Zanen wuyanta ma yana nuna hannu, kamar yadda mai ido ke gane tukunyar Gbagyi irin ta Ladi Kwali da ke bayan takardar naira 20.

Sai dai tsingaro ba ya magana in an raba shi da inda ya kwanta. Zurfin ramin da gawayin da ke gefensa su ke ba da shekarunsa, kuma su ne masu tonon sata ke watsarwa in suna neman kan mutum-mutumin da za su sayar wa dillalai.