Annobar Ruwan Walkerton da Kariyar Rijiyoyin Gari

Walkerton ƙaramin gari ne a gundumar Bruce, cikin lardin Ontariyo na ƙasar Kanada. Mazaunansa kimanin 4,800 ne a watan Mayun 2000, lokacin da ƙwayoyin cuta daga kashin shanu suka shiga ɗaya daga cikin rijiyoyin burtsatsen da garin ke sha. Mutum 7 suka rasu, fiye da 2,300 suka kwanta ciwo. Wannan masifa ce ta sa Ontariyo ta sake dokokin ruwan shanta tun daga tushe, kuma har yau da ita ake kafa misali idan ana maganar kare ruwan ƙarƙashin ƙasa daga gurɓata.

Rijiya ta 5

Garin ba ya shan ruwan kogi ko na madatsa. Rijiyoyi uku yake dogara da su a lokacin, ta 5 da ta 6 da ta 7, ana zuba wa ruwansu sinadarin kulorin kafin a tura shi famfo. An haƙa ta 5 a shekarar 1978, zurfinta kimanin mita 15 kacal, cikin dutsen farar ƙasa mai tsage-tsage, ƙasar da ta lulluɓe dutsen kuma ba ta da kauri.

A nan matsalar take. Mutane sukan ɗauka duk ruwan da ya fito daga ƙarƙashin ƙasa tatacce ne, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki: idan ruwan sama ya ratsa yashi da laka mai kauri a hankali, yawancin ƙwayoyin cuta sukan maƙale ko su mutu a hanya. Amma inda dutse ya tsattsage, ruwa ba ya tsayawa a tace shi, bin tsagar yake yi ya isa rijiya cikin kwanaki ko ma sa'o'i, da duk abin da ya kwaso daga doron ƙasa.

An san haka tun ranar farko. Gwajin da aka yi a 1978 ya nuna alamar ƙwayoyin cutar bayan gida a ruwan, masanin da ya duba rijiyar ya kuma ba da shawarar a keɓe filin da ke kewaye da ita don kare ta. Ba a yi ba. Shekara 22 aka bar lafiyar garin a kan kulorin shi kaɗai.

Yadda abin ya auku

A ƙarshen watan Afrilun 2000 aka watsa takin shanu a wata gona da ke kusa da rijiyar. Manomin ya bi ƙa'idar da aka sani, bincike ma bai ɗora masa laifi ba. Daga 8 zuwa 12 ga Mayu aka yi ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, kimanin milimita 134, fiye da rabinsa a ranar 12 kaɗai. Ruwan ya wanko ƙwayoyin cuta iri biyu, E. coli O157:H7 da Campylobacter jejuni, ya kai su cikin rijiyar. Ƙazantar ta fi ƙarfin ɗan kulorin da ake zubawa.

Ƙa'ida ita ce a auna ragowar kulorin a cikin ruwa kullum, kada ya gaza miligiram 0.5 a kowace lita bayan minti 15 da zubawa. Da an auna a waɗannan ranaku, da an ga ya ƙare, da an kashe injin da ke jan ruwan rijiyar. Amma manajan hukumar ruwan garin, Stan Koebel, da ƙanensa Frank, shugaban ma'aikata, sun daɗe da sabawa da cike littafin aiki da alƙaluman da babu wanda ya auna. Ba su da ilimin da zai sa su gane haɗarin. Sun yi imani ruwan rijiya mai kyau ne, su kansu suna shansa.

Ranar 17 ga Mayu ɗakin gwaji mai zaman kansa ya sanar da manajan cewa an ga E. coli a ruwan. Bai gaya wa jami'an lafiya ba. Ɗakin gwajin ma bai sanar da hukuma ba, domin tun 1996 da gwamnatin lardin ta janye daga yi wa garuruwa gwajin ruwa, ba a kafa dokar da ta tilasta wa masu zaman kansu kai rahoto ba. Yara suka fara gudawa da jini. Da jami'an lafiya suka tambaya a ranar 19, sai aka ce musu ruwa lafiya lau. Sai ranar 21 babban jami'in lafiya na yankin, Dakta Murray McQuigge, ya ba da umarnin a riƙa tafasa ruwa, bisa zargi kawai, ba don an faɗa masa gaskiya ba. Washegari aka yi rashi na farko. Mutum 27, yawancinsu ƙananan yara, cutar ta taɓa musu ƙoda, wasu kuma da larurar suka ci gaba da rayuwa. Umarnin tafasa ruwa bai ɗage ba sai watan Disamba.

Binciken O'Connor

Gwamnati ta naɗa Mai Shari'a Dennis O'Connor ya binciki lamarin, har Firimiyan lardin, Mike Harris, ya bayyana gabansa a 2001. Rahoton ya fito kashi biyu a 2002, ɗauke da shawarwari 121. Bai tsaya kan 'yan'uwan biyu ba. Ya nuna cewa masu duba aiki na Ma'aikatar Muhalli sun ga alamun sakaci ba su bi diddigi ba, cewa ya kamata tun tuni a sa wa irin wannan rijiya na'urar da ke auna kulorin ba dare ba rana ta kashe injin da kanta, kuma rage kasafin ma'aikatar ya raunana sa ido. A 2004 kotu ta ɗaure Stan shekara ɗaya, Frank kuma ɗaurin talala na wata 9.

Babban abin da rahoton ya kafa shi ne kada a dogara da shinge ɗaya. Sai an haɗa kare tushen ruwa, da tace shi, da kula da bututu, da gwaji a kai a kai, da shirin gaggawa, ta yadda idan ɗaya ya faɗi saura su tare. Ya sa kare tushen a sahun farko, kuma ya yi daidai: ruwan ƙarƙashin ƙasa idan ya gurɓata, tsabtace shi na iya cin shekaru da kuɗi mai yawa, wani lokaci sai dai a rufe rijiyar, kamar yadda aka rufe ta 5 har abada.

Da'irorin kariya

Dokoki biyu suka fito a 2002, ɗaya kan ingancin ruwan sha, ɗaya kan sarrafa taki. Ta uku, Dokar Ruwa Mai Tsabta ta 2006, ita ce ta kare tushe. An kafa kwamitoci 19 bisa yankunan magudanan ruwa, ba bisa iyakar ƙananan hukumomi ba, tunda ruwa bai san iyaka ba. Manoma da 'yan kasuwa da wakilan garuruwa duk suna ciki.

Kowace rijiyar gari ana zana mata taswira. Da'irar farko mita 100 ce daga bakin rijiya. Sauran ukun da lokaci ake auna su, ba da nisa ba: filin da ruwansa zai iso rijiyar cikin shekara 2, sai na shekara 5, sai na shekara 25. Ƙwayoyin cuta ba sa daɗewa a ƙasa, don haka a da'irorin ciki ake tsananta musu. Sinadaran masana'antu kuwa sukan yi shekaru ba su lalace ba, shi ya sa ake bin su har nesa. A cikin waɗannan wurare ana iya hana ko ƙayyade watsa taki da maganin ƙwari, ramukan bahaya, tankunan mai, juji, har da gishirin da ake zubawa a tituna don narkar da ƙanƙara. Tsofaffin rijiyoyin da aka yi watsi da su ma ana toshe su, domin kowace ɗaya ƙofa ce kai tsaye zuwa ruwan da ke ƙasa.

Tsarin bai game kowa ba. Rijiyoyin garuruwa dokar ta fi shafa. Wanda ya haƙa tasa a gida ko a gona shi ke da alhakin gwada ruwansa. Ƙauyukan 'yan asalin ƙasar kuma, wato ƙabilun da Turawa suka tarar a can, suna ƙarƙashin gwamnatin tarayya ne, ba lardi ba, kuma wasunsu a arewacin Ontariyo sun shafe shekaru da dama suna tafasa ruwa kafin su sha.